Likita Ya Ce Alkama Ce, Hajiya Ta Ce Kambun Baka Ne

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Fadaman Mada cikin garin Bauchi. 'Yata ta tsakiya shekararta 7, amma in kin gan ta sai ki ce 'yar shekara 4 ce. Tun bayan yaye cikinta bai taɓa zama lafiya ba: yau gudawa, gobe kumburi, bayan gidanta fari-fari mai maiƙo da wari. Ƙafafu kamar sillen kara, ciki ya yi gaba. Mun yi maganin taifod ba adadi, mun yi na tsutsa, na basir, na shawara, an yi rubutu an yi hayaƙi. Sau biyu ana cewa jininta ya yi ƙasa, ta sha maganin ƙarin jini wata da watanni, bai hau ba.

Kwanan baya wani likitan yara ya ce yana zargin wata cuta wai siliyak, wai jikinta ne ba ya shiri da alkama. Ya rubuta gwajin jini mai tsada, ba mu samu kuɗin ba tukuna. Sai na yi dabara na daina ba ta shayi da burodi da taliya. Yau mako uku ke nan, kuma wallahi ta samu sauƙi. Matsalar ita ce maigidana teburin shayi gare shi, kullum dare da ragowar burodi yake dawowa, kuma ya ce wannan ciwon Turawa ne. Hajiya mahaifiyarsa ta ce kambun baka ne, tana ba ta biskit a ɓoye, wai ɗan kaɗan ba ya kisa. Anti, tunda ta samu sauƙi, dole ne sai na yi gwajin? Me zan riƙa ba ta? In ta girma za ta rabu da shi?

Wata uwa daga Bauchi

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba yarinya lafiya. Shekara biyar kina wanke zani kina bin kemis, dole mako ukun nan su yi miki daɗi, kuma ban so in rage miki daɗin ba. Amma bari in fara da abin da ba za ki so ji ba: dabarar nan da kika yi, duk da ta fito daga zuciyar uwa, tana iya ɓata gwajin da likita ya rubuta. Ki koma wurinsa cikin makon nan, ko kuɗin bai cika ba, ki gaya masa ranar da kika tsayar da burodin. Ki gaya masa har da biskit ɗin Hajiya, domin a wannan gaɓar kaɗai, abin da take yi a ɓoye bayani ne da likita ke bukata.

Don ki gane dalili, sai kin san abin da ke faruwa a cikin cikin yarinyar, in har zargin likita ya tabbata.

Kin taɓa kwaɓa fulawar cincin ko ta fanke, kin ga yadda take danƙo tana miƙewa kamar roba. Ki kwaɓa garin gero daga nan har magariba, ba zai miƙe ba, gutsurewa zai yi. Abin da ke ba alkama wannan danƙon shi ake kira gulutin, kuma shi ne ke riƙe iska har burodi ya tashi. Yana cikin alkama, yana cikin sha'ir, yana cikin wani hatsi na ƙasashen sanyi da ake kira rai. Gulutin yana da taurin narkewa. Cikin kowa ba ya gama farfasa shi, sai ya bar wasu dogayen gutsattsari. Ga yawancin mutane wannan ba komai ba ne, su wuce abinsu.

Shi kuma ƙaramin hanji, bangonsa na ciki ba sumul yake kamar tiyo ba. Ki tuna sabon tawul, yadda gashinsa ke tsaye cunkus, kina ɗora shi a jiki ya zuƙe ruwa. Haka hanji yake, shimfiɗe da miliyoyin 'yan tsirai, kowanne tsawonsa wajen milimita ɗaya, kuma su ne bakin da jiki ke tsotsar abinci da shi. A jikin mai siliyak, idan gutsattsarin gulutin suka iso nan, wani sinadari da ke bangon hanjin, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da tTG, yakan ɗan sauya musu kama. Garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta, sai ta ɗauka abokin gaba ne ya shigo, ta tayar da yaƙi a wurin. Bangon hanji ya kumbura, tsiran nan su yi ta lalacewa har su kwanta. Tawul ya koma tsohon tsumma, a zuba masa ruwa ya gangare.

Duk abin da kika lissafa a wasiƙarki yana da mazauni a nan. Sinadarin ƙarfe da ke gina jini, a farkon ƙaramin hanji ake tsotsar mafi yawansa, kuma nan ne wutar ta fi ci, shi ya sa za a iya shan kwalabe na maganin ƙarin jini, jinin bai motsa ba. Man da ke cikin abinci ba ya shiga jiki, sai ya fita a bayan gida, ga farin nan da maiƙo da wari. Abincin da bai tsotsu ba ya gangara ƙasa ya ruɓe ya yi iska, ciki ya yi gaba. Yaro yana ci amma jikinsa yunwa yake ji, tsawo ya tsaya, ƙashi ba ya samun abin da zai yi ƙwari da shi. Wasu yaran har saurin fushi da rashin walwala suke yi, a yi ta cewa rigima ce.

To ga inda gwajin ya shigo. Cikin wannan yaƙin, garkuwar jiki tana ƙera wasu makamai da take harbin tTG ɗin da su, kuma suna yawo a jini. Su ake nema. Sunan gwajin tTG-IgA, ki duba takardar da aka ba ki. Amma muddin aka janye alkama, yaƙi ya lafa, makaman su fara raguwa, hanji ya fara gyaruwa. Ki je bayan wata uku ko huɗu, ki zube kuɗin da kika sha wahalar tarawa, sakamako ya fito wai ba komai, alhali cutar tana nan kwance. Daga nan maigida ya ce ai ya faɗa, a koma gidan jiya. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a yi gwaji mutum yana kan cin alkama. Wanda ya daɗe da dainawa, akan sa shi ya koma ci kullum na wajen mako shida kafin a ɗebi jinin. Ko 'yarki tana bukatar haka, da yawan da za a ba ta, likitan da ya ga jikinta ne zai yanke, musamman ga yarinyar da ta rame haka. Kada ki tsara wannan da kanki.

Na san abin da ke ranki: gani ya kori ji, ta samu sauƙi, me ya rage? Ki dubi abin da kika cire. Shayi da burodi kika ce, wato har da madara kika janye, ko ba da niyya ba. Akwai yaran da madara ce ba ta karɓe su ba. Akwai masu ƙwayoyin cutar hanji na ruwan sha, akwai tarin fuka na ciki, akwai lalacewar hanji da yawan gudawa da tamowa ke jawowa, wadda ita ma takan kwantar da tsiran nan. Waɗannan kowanne da maganinsa, kuma wasunsu ba sa jira. In kuwa siliyak ce, magana ce ta har abada, kuma ba a ɗora wa yarinya doka ta tsawon rai a kan zato. Ranar da ta kai shekara 15 ƙawayenta suna cin kek, "Mama tana zargi" ba zai riƙe ta ba. Takardar asibiti ce za ta riƙe ta, ita ce kuma za ta riƙe Hajiya.

Idan za a ɗebi jinin, ki tambaya ko an haɗa da awon jimlar IgA, wato nau'in makaman garkuwar jiki da gwajin ke dubawa, domin wasu an haife su da ƙarancinsa, kuma nasu gwajin yakan fito kamar lafiya lau. In sakamako ya nuna, mataki na gaba yawanci shi ne a zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki, yarinya tana barci, a gutsuro ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba daga bangon hanji a duba. Likitocin yara na Turai sun amince cewa idan adadin makaman ya ninka iyakar mai lafiya sau goma, kuma wani gwajin jini na biyu ya gaskata shi, ana iya tabbatar da cutar ga yaro ba tare da zura na'urar ba. Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa yana nan cikin gari, yana da sashen yara. In likitanku ya tura ku can, kada ki ja ƙafa. Batun kuɗi kuwa, ki zauna da maigida ku lissafa abin da taifod ɗin da ba taifod ba ya ci muku a shekara biyar.

Yanzu maganar ciwon Turawa. Gaskiyar da ke ciki ita ce a can aka fara gano bakin zaren. Wani likita a Landan, Samuel Gee, ya siffanta cutar a 1888, ya kuma ce in za a warkar da ita to ta hanyar abinci ne, sai dai bai gano wane abinci ba. Wanda ya kama ɓarawon shi ne Willem Dicke, likitan yara a ƙasar Holan. Ya daɗe yana zargin alkama, sai yunwar ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ta zo a 1944 zuwa 1945, burodi ya ɓace. Kowa yana ramewa, amma yaran nan masu ciwon ciki sai suka farfaɗo. Da burodi ya dawo, ciwonsu ya dawo. A 1950 ya gabatar da bincikensa. Kin ga ke ma abin da ya gani kika gani, a ɗakinki.

Amma ki gaya wa maigida wannan. Ɗaya daga cikin wuraren da aka taɓa samun cutar da yawa fiye da ko'ina a nahiyarmu yake. A 1999 wasu likitocin Italiya suka gwada yara kusan dubu na al'ummar Saharawi da ke sansanonin gudun hijira a hamadar Aljeriya, suka samu fiye da biyar cikin kowane ɗari suna da ita, alhali a duniya gaba ɗaya lissafin wajen mutum ɗaya ne cikin ɗari. Mutane ne da fulawar agaji ta zama musu abincin yau da kullum. Cutar tana bukatar abu biyu: gadon da ke cikin jini, da alkamar da za ta tayar da shi. Kakanninmu alkama abincin biki ce a wurinsu, sai da sallah ko aure a ga alkaki da funkaso. Mu kuwa da burodi muke karyawa, rana taliya ko indomi, dare tuwon semo. Wanda ya gaji abin a da, yana iya tsufa bai san da shi ba. Ɗan yau ba shi da wannan sararin.

In an tabbatar, babu allura, babu ƙwaya, babu jiƙo. Maganin ɗaya ne, a raba ta da gulutin kwata-kwata. Kuma a nan ne nake cewa kin yi sa'ar gari. Uwar da ke Italiya ko Masar, inda alkama ce uwar abinci, ita ce abin tausayi. Ke kuwa gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa, acca, tamba, wake, gurjiya, gyaɗa, rogo, doya, dankali, babu gulutin a ko ɗaya. Tuwon dawa da miyar kuka, tuwon shinkafa da taushe, gwaten acca, dambu da zogale, ƙosai da koko, alale, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, fura, nama, kifi, ƙwai, duk nata ne. Ga masa, wadda mutanen wasu jihohi ke tsayar da mota a Bauchi don su saya. Da tsohuwar zuma ake magani. Tukunyar kakarki za ki koma wa. Acca ma daga nan kudancin jihar ake kawo ta, wajen Bogoro da Tafawa Balewa, ba sai kin nemi wani garin kanti mai rubutun Turanci da tsadar tsiya ba.

Waɗanda za ta bari a fili suke: burodi, gurasa, fanke, cincin, kek, biskit, dubulan, alkaki, funkaso, taliya ta leda da ta murji, makaroni, indomi. Sai guda biyu da ke yaudarar mutane, semo da kuskus. Na sha jin mata suna cewa semo ai masara ce ko shinkafa. Tsakin alkama ne, kuskus na kwali ma haka. Kayan sha masu malt da garin shayi na gwangwani sai an karanta jikinsu, a nemi alkama ko sha'ir. Haka dunƙulen miya, wasu akwai fulawa a ciki. Ga daddawa nan ba ta taɓa cutar kowa ba.

Inda aikin yake shi ne alkamar da ba a gani. Ɗanwaken yanzu, da wuya ki samu wanda ba a sa wa fulawa ba, sai dai ki haɗa garinki na wake da rogo da kuka. Wasu masu masa suna ɗan barbaɗa fulawa a ƙullu don ya yi laushi, ki tambaya, in kin ga ana kame-kame ki soya taki. Man da aka soya fanke a ciki, ba a soya mata ƙosai da shi. Rariya da muciyar da suka taɓa fulawa, a ware mata nata. Babban tarkon kuwa shi ne injin niƙa. Ki kai dawarki tsaf, wadda ke gabanki a layi alkama ta niƙa, ragowar da ta maƙale a inji ta bi garinki. Ki yi magana da mai injin, ki zama ta farko da safe bayan ya kakkaɓe, ko ya fara zuba ɗan hatsi a ware wannan garin na farko a ba sauran 'yan gida. In akwai injin da ba ya karɓar alkama sam, ki riƙe shi ko da nisa.

Za ki ce wannan ai tsanani ne. Ga ma'aunin: a dokar abinci ta duniya, ba a kiran abu marar gulutin sai in gulutin ɗin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kilo guda ba. An kuma gwada an gani cewa miligiram 50 na gulutin kullum, wato abin da ke cikin ɗan ɓarɓashin burodi, ya isa ya taɓa hanjin mai cutar cikin wata uku. Garkuwar jiki ba ta awo da mudu, ƙyalla ido kawai take ta ga abokin gaba. Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne wani lokaci a ci biskit ɗin a kwana lafiya, ba gudawa ba kumburi, sai a ce kin gani. Ɓarnar tana can ciki ba ta da ƙara.

Wannan ya kawo mu ga Hajiya. Kada ki yi mata kallon mai cutar da jikarta. Tsohuwa ce da ta ga yarinya ramammiya, kuma hanyar da ta sani ta nuna ƙauna ita ce ta miƙa abu a hannu. In kika ce mata "kada ki ba ta", kin ƙwace mata wannan, kuma daga bakin suruka zai fito, kin san yadda zai sauka. Ki sauya abin da ke cikin hannun. Ki ajiye mata dabino, gyaɗa, aya, kantun riɗi, ƙuli-ƙuli, alawar madara, ki ce Hajiya ga na jikarki, in ta zo ke za ki riƙa ba ta. Ranar karɓar sakamako kuma ɗanta ya ɗauke ta ku tafi tare, ta ji daga bakin likita. Addu'a da tofi kuwa ta ci gaba, babu inda suka yi karo da barin alkama. Ki ma tambaye ta yadda ake wani tsohon tuwo ko dambu da kika manta. Za ki sha mamakin yadda mai adawa ke komawa shugabar aiki.

Shi kuma maigida, ki lura da abin da ke ƙarƙashin maganarsa. Mutum ne da burodi ke ciyar da gidansa, aka ce masa burodin ne ke cinye masa 'ya. Ko waye zai ji nauyin wannan. Ki nuna masa ba sana'arsa ce da laifi ba, mutum casa'in da tara cikin ɗari za su ci burodinsa su tashi garau. Abin da ake nema a wurinsa kaɗan ne: ragowar ta shigo a ɗaure cikin leda, a ci ta a wuri ɗaya, a share, a wanke hannu. In zai dawo mata da dafaffen ƙwai daga teburin, kada ta ga 'yan'uwanta da tsarabar Baba ita babu, ya gama mata komai.

Tambayarki ta ƙarshe, a'a, ba a girma a bar siliyak. Alamun suna iya lafawa a shekarun budurci har a ɗauka ta tafi, amma duk ranar da alkama ta dawo, kumburin zai dawo, ya fito ta wata fuskar: ƙarancin jini, raunin ƙashi, ƙuraje masu ƙaiƙayi a gwiwa da gwiwar hannu, ko ɓarin ciki bayan aure. Wadda ta kiyaye kuwa, hanjinta yakan koma daidai, na yara ma ya fi na manya saurin gyaruwa. Ta yi tsawo, ta yi karatu, ta yi aure ta haihu kamar kowa. Ko madara, in har ita ma tana damunta yanzu, sau da yawa in tsiran hanji suka miƙe sai ta koma karɓarta, domin abin da ke narkar da madara a kan tsiran yake zaune. Kuma tunda abin gado ne, wajen mutum ɗaya cikin goma na iyaye da 'yan'uwan mai cutar yakan kasance da ita, wani ba tare da gudawa ko ɗaya ba. In an tabbatar da nata, ki tambayi likita batun sauran biyun, da ke, da babansu.

Kafin nan, in kin ga ta yi laushi, ido ya faɗa, fitsari ya ragu, ƙafa ta kumbura ko jini a bayan gida, asibiti a ranar, kada ki jira ranar da aka ba ku. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da ta ci da yadda cikin ya kwana, kuma ki sa a auna nauyinta da tsawonta ranar da kuka koma, a rubuta da kwanan wata. Bayan wata shida ki aiko mini da lambobin biyu.